Zangon ƙarshe na Le Prince de Bel-Air a faifai: amsa ga wata uwa daga Marwa

"Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Marwa. Tun ina budurwa nake kallon wasan barkwancin nan na Amurka da muka sani da suna Le Prince de Bel-Air, kuma yayana da ya yi karatu a waje ya kawo mana zango na ɗaya zuwa na biyar a faifan DVD. Yanzu yarana sun kalle su duka, sun hana ni sakat da tambayar yadda labarin ya ƙare. Na zaga kasuwa ban sami zango na shida ba, sai wani mai faifai ya nuna mini faifai guda ɗaya tak, ya ce duka shirin yana ciki. Shin an taɓa fitar da zangon ƙarshen a faifai kuwa? Idan an fitar, ta yaya zan gane na gaskiya, kuma zai yi aiki a na'urata?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya yi musu albarka. Idan na fahimce ki daidai, kina son sanin ko zangon ƙarshen yana nan a faifai, da dalilin da ya sa ya yi wuyar samu, sannan ko faifai ɗayan da aka nuna miki zai biya buƙata. Zan amsa gwargwadon abin da na koya cikin shekaru fiye da ashirin ina gyaran bidiyo da na'urar faifai a Garwa, har da lokacin da na riƙe shagon hayar kaset, zamanin da finafinan Hausa suke zuwa mana daga Ƙofar Wambai ta Kano ta hanyar Yola.

An fitar da shi. Shirin, wanda sunansa na asali The Fresh Prince of Bel-Air, tashar NBC ce ta nuna shi a Amurka daga Satumba 1990 zuwa Mayu 1996, zango shida, kashi 148 baki ɗaya, kuma zango na shida yana da kashi 24. Kamfanin Warner ne ya fitar da faifansa. Zango huɗu na farko sun fito a jere cikin 2005 da 2006, sai aka yi shiru na kusan shekara huɗu, kafin na biyar ya fito a 2010, na shida kuma a 2011. Daga baya an haɗa duka shidan a kwali ɗaya. Saboda haka abin da kike nema ba tatsuniya ba ne, sai dai ya fito a makare, kuma wannan makarar ita ce tushen wahalar da kike sha.

Me ya sa na ƙarshe kullum yake ɓacewa

Wannan matsalar ba ta tsaya ga shirinki kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa sayar da faifai ya san cewa zangon farko shi ne mai kasuwa. Mutum yana saye don tuna baya, ya kalla ya ji daɗi, wani ya ƙara da na biyu, amma kaɗan ne suke binsa har ƙarshe. Kamfani kuwa yana duba cinikin wanda ya gabata ne kafin ya buga na gaba, kuma idan ya ga ciniki yana raguwa sai ya rage yawan da zai buga, ko ya jingine aikin gaba ɗaya. Ga kuma kuɗin waƙoƙi. Waƙar da aka sa a cikin shiri a shekarun 1990 yawanci an biya haƙƙinta ne don nunawa a talabijin, domin a lokacin babu wanda ya yi tunanin za a sayar da shirin a faifai, don haka idan aka zo bugawa sai an sake ciniki da masu waƙar. Wannan ya jinkirta shirye-shirye da dama, a wasu ma an cire waƙar asali an sa wata.

Sai kuma lokacin da ya faɗo a ciki. Kasuwar DVD a Amurka ta kai ƙololuwarta ne wajen 2005 da 2006, daidai lokacin da zangunan farko suka fito, daga nan ta fara gangarowa, musamman bayan da Netflix ya soma nuna finafinai ta intanet a 2007. Kafin zango na shida ya iso a 2011, masu sayen faifai sun ragu sosai. Abin da aka buga kaɗan a can, ƙalilan ne daga cikinsa zai tsallako teku ya sauka Duwala, kuma da wuya wani ɗan kasuwa ya ɗauko shi ya kawo har Marwa alhali bai san wanda zai saya ba. Shirinki ma ya yi sa'a da aka kammala shi. Takwaransa Family Matters, wanda masu kallon Faransanci suka sani da La Vie de famille, zangunansa na biyar zuwa na tara sai a 2016 suka fito, su ma ta wani tsari da Warner ya soma a 2009, inda ba a buga faifan sai wani ya yi oda.

Faifai ɗayan da aka nuna miki

A nan zan daɗe, domin a nan ne kuɗin mutane yake salwanta. Shawarata ita ce kada ki saye shi, kuma ga lissafin da ya sa na faɗi haka. Kowane kashi na shirin yana cin kimanin minti 22 idan aka cire talla. Kashi 148 ke nan sun haura awa 54. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, wato kimanin awa biyu na hoto mai kyau, mai shimfiɗa biyu kuma yana ɗaukar 8.5. Ko da babban ne, idan aka raba shi gida 148, kowane kashi bai samu megabait 60 ba. Ba yadda za a yi a cusa awa 54 a wurin da aka tanada don awa biyu ko huɗu sai an matse hoton har fuskoki su dagule, murya ta riga baki ko ta biyo bayansa, launi ya zama kamar an wanke atamfa ta zuba. Zango na shida shi kaɗai ya kusa awa tara, shi ya sa na kamfani yake zuwa a faifai fiye da ɗaya cikin kwali guda.

Abin da na fi gani a teburin aikina ma ya wuce rashin kyan hoto. Sau da yawa kwalin yana cewa duka shirin yana ciki, amma idan aka ƙirga sai a tarar an tsallake kashi-kashi, kuma waɗanda aka fi zubarwa su ne na ƙarshe, saboda mai kwafin yana jerawa ne daga farko har wuri ya cika, abin da ya rage ya bar shi. Ko da sun shiga, akwai wata illa da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Na'ura tana karanta faifai ne daga tsakiya zuwa baki, don haka a faifai mai shimfiɗa ɗaya abin da aka rubuta daga ƙarshe yana kwance ne a gefen waje. Gefen nan shi ne inda yatsu suke taɓawa, shi ne yake fara karcewa, kuma a faifan da aka ƙona da kwamfuta cikin gaggawa shi ne inda rubutun ya fi rauni. Sau da dama an kawo mini na'ura ana cewa ta lalace domin tana tsayawa idan fim ya kusa ƙarewa, in gwada ta da faifai mai kyau in ga lafiyarta lau. Ke kuwa ƙarshen labarin kike nema, wato daidai wurin da irin wannan faifan ya fi cin amanar mai shi.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ba zan ɓoye ra'ayina a kansa ba. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2000, kuma hedikwatar hukumar OAPI mai kula da mallakar fasaha a ƙasashenmu tana Yawunde. Na san mutum zai ce kamfanin Amurka ba zai ji a jikinsa ba, amma hannun da yake kwafar nasu shi ne ya kwafi finafinan Hausa har masu shirya su suka rasa uwar kuɗinsu, kuma wannan na gan shi da idona ina cikin sana'ar.

Ki yi hattara da wani abu daban. A 2022 an fara wani sabon shiri mai suna Bel-Air, wanda aka gina a kan labarin nan da sunayen mutanensa. Ba ci gaban wanda kika sani ba ne, ba na barkwanci ba ne, kuma ba na ƙananan yara ba ne. Mai faifai ko mai tura finafinai a waya yana iya ba ki shi da zuciya ɗaya, yana zaton shi ne abin da kike nufi.

Yadda ake gane na kamfani

Ki fara da kwalin. Na kamfani bugunsa tsaf yake, rubutun ba ya dusashewa, akwai jerin sunayen kashi-kashi da faifan da kowanne yake ciki, akwai tambarin kamfani da shekara, da bayanin harsunan da ke ciki. Sannan ki juya faifan ki dubi bayansa a haske. Wanda aka buga a masana'anta bayansa fari ne kamar azurfa, wani lokaci da ɗan ruwan zinariya, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobi da haruffan IFPI da aka zana a jikinsa. Wanda aka ƙona da kwamfuta bayansa yana da launin shuni ko shuɗi-shuɗi, saboda rini ne aka shimfiɗa a ciki wanda hasken na'ura yake ƙonawa. Wannan alamar tana taimakawa amma ba ta yanke hukunci ita kaɗai, domin akwai jabun da ake bugawa a masana'anta mai farin baya, kuma faifan da ake yi bisa oda, irin wanda na ambata a sama, halal ne duk da bayansa shuni ne. Abin da ba ya ƙarya shi ne yawan faifan. Idan an ce zango guda ne cikakke kuma faifai ɗaya ne, to an matse shi ko an rage shi.

Ko zai yi a na'urarki

Masu DVD sun raba duniya shiyya-shiyya. Amurka da Kanada shiyya ta 1 ce, Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu shiyya ta 2, yawancin sauran Afirka, har da Kamaru da Chadi da Nijeriya, shiyya ta 5. A bayan kwali za ki ga ɗan hoton duniya da lamba a cikinsa, ita ce shiyyar faifan. Na'urar da aka kulle ga shiyya ɗaya ba za ta karɓi na wata ba. Sa'ar da muka yi a nan ita ce galibin na'urorin da ke kasuwanninmu, waɗanda ake shigowa da su daga China ko Dubai, a buɗe suke, suna cin kowane faifai. Waɗanda suka fi ba da wahala su ne masu tsada na manyan kamfanoni da wani ya sayo a Turai, sai kuma kwamfuta, wadda take barin a sauya mata shiyya sau biyar kawai sannan ta kulle a kan ta ƙarshe.

Ban ga na'urarki ba, don haka ba zan yanke miki hukunci daga nesa ba, amma amsar tana cikin ɗakinki. Ki ɗauko kwalayen nan biyar da yayanki ya kawo ki duba lambar da ke cikin hoton duniyar. Tunda na'urarki tana karanta su, duk faifan da yake da lamba iri ɗaya da su zai yi. Idan lambar tasu 2 ce, ki nemi na shida mai lamba 2, kin huta da zullumi.

Bayan shiyya akwai tsarin hoto. Amurka tana amfani da NTSC, Kamaru da yawancin Turai kuma PAL. Talabijin ɗin zamani mai shafaffen allo yana karɓar duka biyun, amma tsohuwar mai ƙeya tana iya nuna faifan Amurka baƙi da fari, ko hoton ya yi ta gudu sama. Idan haka ta faru ba lalacewa ba ce. A shiga saitin na'urar faifan da rimot, a nemi wurin tsarin talabijin, a mayar da shi PAL. Kuma kada ki yi mamaki idan kika ga baƙin fili a dama da hagu na allon, domin an ɗauki shirin ne don talabijin ɗin wancan zamani mai kusan murabba'i. Gara a bar shi haka da a ja shi ya cika allo, mutane su koma gajeru masu faɗi.

Harshe shi ne abin da aka fi mantawa. Mu a nan da muryoyin Faransanci muka san shirin, kuma yaran da suke makarantar Faransanci a Marwa da su za su fi jin daɗinsa. Kasancewar faifai na kamfani ba ya nufin akwai Faransanci a ciki, kuma kasancewar zangunan farko suna da shi ba ya tabbatar da na ƙarshe yana da shi. A bayan kwali ana rubuta harsunan murya daban, na fassarar da ke fitowa a ƙasan allo daban, kuma mutane sukan ga kalmar Faransanci su yi murna, su zo gida su tarar rubutu ne kawai. Ga yaron da bai iya karatu da sauri ba, barkwanci a rubuce ya riga ya wuce kafin ya kai ƙarshen layi.

Hanyar da na fi ganin tana ɓullewa ita ce ta 'yan'uwa mazauna waje. A Turai da Amurka ana samun irin waɗannan faifan a shagunan kayan hannu da kuma ta intanet, sau da yawa da araha, tunda mutanen can sun daina ajiye su. Ki roƙi wanda zai saya ya ɗauki hoton bayan kwalin ya turo miki ta WhatsApp kafin ya biya, ki duba lambar shiyya da harsuna da yawan faifan da kanki. Idan kwalin da ya haɗa duka shidan ne ya fi sauƙin samu, babu laifi a saye shi, biyar ɗin da kike da su sai su zama na wani gidan a dangi. Kallo ta intanet ma hanya ce, sai dai shirin yakan kasance a wata ƙasa ya ɓace a wata, ga kuɗin data na awa tara, ga yankewar layi.

Abin da ke cikin zangon

A ganina zango na shida ba shi ne mafi ƙarfi ba, kuma gara in faɗa miki tun yanzu. Yaran gidan sun girma, barkwancin da aka gina a kan baƙon yaro ɗan unguwar talakawa ta Philadelphia da ya faɗo gidan masu hali a Los Angeles ya riga ya tsufa, domin bayan shekara biyar ba sauran baƙunta. Wannan ciwo ne na duk wasan da aka gina a kan iyali, shi ya sa masu shiri sukan kawo sabon yaro don su sabunta gidan, kamar yadda aka yi da autan gidan, wanda kika ga an haife shi jariri sannan a zango na biyar ya bayyana yana tafiya yana magana. Shi ma Will Smith, jarumin shirin, a lokacin ƙofar manyan finafinai ta riga ta buɗe masa.

Amma kashi biyu na ƙarshe sun cancanci wahalar neman. Abin da ya sa shirin nan ya zauna a zukatanmu, ina jin, shi ne labarin riƙo ne, abin da kowane gidan Bahaushe ko Bafulatani ya sani: uwa ta tura ɗanta gidan 'yar'uwarta don ta raba shi da fitinar unguwa, mijin 'yar'uwar kuma ya riƙe shi da faɗa da kulawa har ya zame masa uba. Yaranki sun ga kashin nan na zango na huɗu inda mahaifin yaron ya dawo ya sake tafiya ya bar shi. Ƙarshen shirin shi ne yake rufe wannan raunin. An sa gidan a kasuwa, kowa ya kama hanyarsa, wani jami'a, wasu New York, mai hidimar gidan ya koma Landan, shi kuma ɗan riƙon ya tsaya a California don ya ƙarasa karatu, yana jin kunyar a ce shi kaɗai ne bai san inda ya dosa ba. Maganar da suka yi da marikinsa a wurin ba zan ba ki ita ba, ki ji da kunnenki. James Avery, wanda ya fito a matsayin marikin, ya rasu a ƙarshen Disamba 2013, kuma tun daga lokacin kallon wurin nan ya ƙara nauyi ga waɗanda suka tashi da shirin.

Tunda yaran gidan sun zama samari da 'yan mata a wannan zangon, zancen soyayya da fita da irin shigar da ba tamu ba sun fi yawa. Ke kika san shekarun 'ya'yanki da tarbiyyar gidanki, ni aikina na'ura ne, amma da ni ne sai in fara kallon kowane faifai ni kaɗai, in ware abin da za a kalla tare.

Idan ya iso hannunki

Yanayinmu ba ya raga wa faifai. Zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40 yana lanƙwasa shi idan an bar shi a mota ko kusa da taga, kuma wanda aka ƙona da kwamfuta rininsa yana mutuwa a rana. Ki ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, a inuwa, ba a kan na'urar ko talabijin ba inda zafi yake tashi. Idan za a goge, da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya a miƙe zuwa baki, kada a zagaya, domin karcen da ya bi zagayen rubutun shi ne na'ura take kasa tsallakewa. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ta zauna a kan idon na'urar, sai ta fara cewa babu faifai alhali yana ciki, don haka a rufe ta da zane idan an kashe, a buɗe idan za a kunna don ta sha iska. Wutar da take ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ita ce ta fi kawo mini na'urori a mace, kuma ƙaramar na'urar daidaita wuta ta fi gyara araha.

Ranar da saƙon ya iso, kafin ki tara yara, ki ɗauki faifan ƙarshe ki sa, ki zaɓi kashi na 24, ki tura shi gaba har rubutun sunaye ya fito, sannan ki yi wa sauran faifan haka, kina duba kashin ƙarshe na kowanne. Idan wani ya tsaya ko ya yi tsalle, ki goge shi yadda na faɗa ki sake gwadawa, in ya ƙi ki kai shi gidan maƙwabta a gwada a wata na'urar, don a san ko faifan ne ko idon na'urarki ne yake son wanki.